Ɗigon Garin Inna a Allon Tasha

Duk taswirar da na gani manne a bango, ta makaranta ce ko ta ofis, abin da nake fara tambaya shi ne wa ya zauna kusa da mai zanen ranar da yake zanawa. Jikokina suna yi mini dariya, wai tsufa ne ke damuna. Su yi ta yi. Ni na ga yadda aka zana ta farko da aka kafa wa talakawa a Sakkwato, na san hannayen da suka dagula ta, kuma har yau ban huce ba.

A shekarun da jirgin ƙasa ya iso Gusau ne. Ban daɗe da yin aure ba, ina riƙe da rumfar tufafin da mahaifina ya bari a kasuwa, muna zaune a Ƙofar Dundaye ni da iyalina da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Turawa suka kawo manyan motoci masu ɗaukar buhunan wasiƙu daga Sakkwato su kai wa jirgi, daga baya suka ƙara wasu a hanyoyin yamma da arewa da kudu. Da suka ga bayan motar yana tafiya da sauran wuri, sai suka yarda mutane su riƙa hawa kan buhunan.

Inna ba 'yar birni ba ce. Aure ne ya kawo ta daga wani ƙaramin ƙauye a hanyar Gusau, wanda ba shi da hakimi, ba shi da dagaci, sai mai unguwa ɗaya da rabin haƙoransa suka zube. Arzikin ƙauyen duka rijiya ce a bakin hanya da wata tsohuwar tsamiya. A can ƙanwarta take, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ciwon ƙugu ya hana Inna hawa jaki ko takarkari shekara da shekaru, ita kuwa ƙanwar ɓarin jikinta ya shanye, sai an ɗaga ta. Masu jakai ne ke kai gaisuwa su kawo gaisuwa. A shekarar da nake ba da labari, saƙon da suke kawowa ya koma iri ɗaya: a gaya wa Yaya ta zo in gan ta.

Motar Gusau kuwa tana tsayawa a ƙauyen. Ba don darajarsa ba, don injin yana yin zafi daidai wurin, direba ya tsaya ya ja ruwa a rijiya ya ɗura masa. Na ga dama ta samu, na shiga lallashin Inna. Ta ce ita ba ta hawa abin da ke tari ba a ba shi magani. Na yi ta fama har damina ta sauka, hanya ta yanke, sannan ta sauko. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, don haka ta ce, “Kai wanga, in an yi kaka hanya ta bushe, mu tahi.”

A cikin daminar nan ce Baturen da ke kula da hanyar motoci ya tashi da nasa. Dogo ne, ja kamar an yanka shi, kullum da rula a aljihun gaba. Abin da ya tunzura shi, kafin ruwa ya sauka an yi wata rana da wasiƙu suka rasa jirgi, saboda direba yana tsaya wa duk wanda ya ɗaga hannu, har da mai akuya ɗaya. Bature ya rantse da abin da yake rantsuwa da shi cewa za a kafa allo a tasha, a zana hanyoyin mota. Inda aka sa alama, mota ta tsaya. Inda babu, direban da ya tsaya ya ajiye aiki. Daga ranar na gane cewa zuwan Inna gida ya rataya a kan alama guda a jikin katako.

Allo na farko abin kunya ne. Bature ya ɗauko takardar 'yan safiyo, masu auna ƙasa, wadda suka yi don kansu, ya sa aka liƙa ta a katako da koko. Babu kwanar da ba a zana ba, babu rafin da aka bari, kowane tudu an kewaye shi da zare-zare, sunayen garuruwa kuma da boko ƙanana ƙwarai, a garin da masu karanta boko ba su cika zaure ɗaya ba. Mutane suka taru suna kallo. Wani mahauci ya ce wannan ai kayan cikin rago ne aka shanya. Wani tsohon malami ya daɗe yana dubawa, ya ɗauka hatimi ne, ya tambaya maganin me yake yi. Ni da ɗan bokon da na tsinta na bi layi da yatsa har na samo ƙauyen Inna, don 'yan safiyo sun sha ruwan rijiyarsa ba su manta ba. Bature ya zo ya tsaya yana jiran yabo, ya ga mutane suna karkata kai kamar kaji, ya koma yana cewa ba mu da ƙwaƙwalwa. Ruwa biyu aka yi takardar ta saɓule, awaki suka ƙarasa ta.

Allo na biyu kuwa, ko da ba na son yabon mutumin nan, dole in ce ya yi tunani. Wai a ƙasarsu haka ake zana hanyoyin jirage. Ya watsar da tuddai da rafuka da kwane-kwane, ya sa Sakkwato a tsakiya, ya ja layi huɗu miƙaƙƙu, kowanne da launinsa. Na Gusau ja, na yamma shuɗi, sauran kore da baƙi. Kowace matsaya ɗigo ce, duk girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya, a jere kamar 'ya'yan carbi, da suna a boko da ajami. Aka shafa wa ƙofar kowace mota launin layinta. Mai tallan fura ma da ba ta taɓa riƙe allo ba, tana iya cewa ga motata, ga ɗigona. Abin bai nuna nisa ba, amma wa ya tambaye shi nisa? Wanda zai je garinsu ya san nisan garinsu. Ƙauyen Inna yana nan a jan layi, ɗigonsa daidai da na kowa.

Na koma gida da gudu kamar yaro na gaya mata. Washegari na tarar ta sa matata ta sauko mata da tsohon lefenta. Ta fara tara tsaraba: goro, daddawa, sabulun salo, da zane baƙi mai kyau da ta sa na zaɓo mata a rumfa, ta mayar da shi har sau biyu wai bai kai na ƙanwarta ba.

Ɗigo daidai da na kowa, nan ne masifar ta fito. A wancan zamani kowane hakimi yana da gida a birni, da wakili a ciki. Aikin wakili shi ne ya ci, ya sa babbar riga, ya je gaisuwa, ya kuma kasa kunne ko an rage wa maigidansa wani abu. Ba su da abin yi, ga allo ya samu. Suka riƙa zuwa tasha ɗaya bayan ɗaya, kowa da mai riƙe masa takalmi, mutanen da ba su taɓa hawa mota ba kuma ba su da niyya. Wannan ya ce yaya za a yi garin maigidansa ya zama girma ɗaya da ƙauyen da ake cin kasuwar kaji. Wancan ya ce an sa su a ƙasa. Wani ya ce an sa su a hagu. Wanda ya fi kowa kumfar baki shi ne wanda ya ga wani gari ya fi nasu kusa da Sakkwato a jikin layi, alhali kakan mai garin shi ke riƙe wa kakan maigidansa linzami.

Akawun Bature, wani siririn bawan Allah da shi ya yi fentin, ya ce cikin ladabi, “Ranka shi daɗe, ai hanya ta can taf fara biyawa.”

Wakili ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Hanya ita ka naɗa sarauta?”



Kuka ya kai ga Bature. Ga yadda mulkin mutanen nan yake: abin da bai taɓa haraji ba, bai taɓa lokacin jirgi ba, sai su sakar wa masu rawani su yi wasa da shi, su ce suna girmama al'adarmu. Irin girmamawar da ake yi wa yaro idan an ba shi gwangwani don ya yi shiru. Ga shi kuma hutun Baturen ya zo, hankalinsa ya riga ya tafi gida. Ya ce ta bakin tafinta su je su shirya allon yadda ya yi musu, sharaɗinsa ɗaya, a rage yawan matsayai, don shi ma ya ga sun yi yawa. Duk abin da suka kawo zai sa hannu. Mutumin da ya yi wata guda yana auna layi da rula ya miƙa shi haka nan, ko waiwaye bai yi ba.

Da na ji kalmar a rage, na gane inda aka dosa. Na san ɗigon da ba shi da mai rawani a bayansa shi ne farkon tafiya. Akwai wani wakili da ke sayen yadi a rumfata, wakilin wani hakimi na hanyar yamma, mai ƙaton ciki da son a ce masa mai alheri. Na ɗauki turmi da goro na kai masa gaisuwa, na faɗa masa damuwata. Ya shafa turmin, ya ce in zo ranar da za a zauna, zai shigar da ni.

A zauren wani babba aka yi zaman, da hantsi. Aka kwantar da allon a kan tabarma a tsakiya, akawu ya durƙusa gefensa da gwangwanayen fenti. Ni aka ba ni wuri a bakin ƙofa, tare da takalma. Daga nan na ga yadda ake zana taswira a garinmu, abin da ban taɓa ji an koyar a wata makaranta ba. Wakilan suka zauna daidai yadda iyayen gidansu ke zama a fada ranar gaisuwa, wane gaba, wane baya, wane dama. Da suka gama gyara riguna, sai mai zauren ya ce wa akawu ya dube su da kyau ya zana abin da ya gani.

Haka aka yi. Wanda ya fi kusa da mai zaure, garinsa ya fi kusa da Sakkwato a layinsa, ko da kuwa shi ne na ƙarshe a hanya. Ɗigo ya kasu uku: na manya kamar faifai, na matsakaita kamar bakin ludayi, na ƙanana kamar ƙwayar gero. Aka zo kan wasu biyu da ke hanya ɗaya kuma darajarsu ɗaya, babu mai yarda ya bi bayan wani. Aka yi ta ja har rana ta take, manya da gemu suna tono yaƙe-yaƙen kakanni a kan ɗigon fenti. Daga ƙarshe wani mai hikima a cikinsu ya ce a tsaga layin biyu a wurin, a sa su kafaɗa da kafaɗa. Aka yi ta sa masa albarka. Garuruwan nan biyu, mai jaki yana wuni tsakaninsu.

Sannan aka juyo kan waɗanda ba su da mazauni. Akawu ya tsoma burushi a farin fenti ya fara bi yana shafewa, ɗigo bayan ɗigo, babu mai ko tari. Na ga hannunsa ya hau jan layi. Ban san lokacin da na rarrafa na faɗi na yi gaisuwa ba. Wakilina ya gyara murya, ya ɗaga hannu ya ce, “Dakata, malam. Garin ga namu na. Kakansu baran kakan maigidana na, tare sunka zaka ƙasag ga. Ba a shahe shi.”

Zaure ya ɗauka, kowa yana yaba masa, wai ga mai riƙon amanar bayi da barori. Ni ban taɓa jin wannan tarihi ba, Inna ma da na tambaye ta daga baya ba ta taɓa ji ba, amma a lokacin ko cewa ya yi kakanmu jakinsu ne zan amsa. Na yi godiya har goshina ya taɓa ƙasa. Aka yi mini alama cewa mai roƙo idan an biya masa bukata tashi yake yi, na ja da baya na fita.

Ranar da aka kafa allo na uku har da maroƙa. Kowane wakili ya zo ya tsaya gaban faifansa ana yi masa kirari. Na kutsa na bi jan layi da ido daga Sakkwato har Gusau, na dawo, na sake bi. Babu ƙauyen Inna. Sai can na hango shi a shuɗin layi, na yamma, ɗan mitsitsi, an maƙale shi a bayan ƙaton ɗigon garin hakimin wakilina.

Na sami wakilin a gida yana cin goro, wataƙila ma nawa ne. Na ce, “Ranka shi daɗe, garin Inna gabas yake, ga shi an kai shi yamma.”

Ya ce, “To ina kaka so a aje shi? Bara bayan ubangijinai shika zama.”

Na ce, “Motar yamma ba ta bi ta can, ranka shi daɗe. Ta Gusau ita ka bi.”

Fuskarsa ta canza. Ya ce, “Wato in bar shi bisa jan layi, bayan garin wane, duniya ta ce nashi na? Ni da nit tsamo ku daga shahewa? Ɗiyan zamani ba ku da godiya.”

Ya juya ya ci gaba da magana da wani, ni kuwa na zama kamar ba na wurin. Na je wurin akawu, ya ce Bature ya sa hannu ya tafi, wanda ya zo riƙon ƙwarya kuma ba ya taɓa abin da na gabansa ya sa wa hannu. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Ban ga laifinsa sosai ba, mutum ne da aka ɗauka aiki don hannunsa, aka ce ya bar kansa a gida.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne allon nan bai cuci kowa ba sai mu. Direbobi sun san inda kowane gari yake, ko an sa shi gaba ko baya a katako, idan sun iso sai su tsaya. Matafiya kuwa tun da aka dagula shi suka daina kallonsa, suka koma tambayar baki kamar da. Sauran ƙauyukan da aka shafe, masu ƙafa ne, sukan sauka a gari na kusa su taka. Direban yamma ya ce mini ya yi ta neman ƙauyenmu a hanyarsa don ya cika umarni, bai gan shi ba. Duk wannan taro da fenti da kirari, abin da ya haifar kawai shi ne hana tsohuwa guda sauka a ƙofar gidansu.

Na je wurin direban Gusau. Mutumin kudu ne, ya daɗe a cikinmu, Hausarsa ta nuna sai ɗan karkacewar harshe. Ya saurare ni, sannan ya ce, “Idan inji ya yi zafi a bakin rijiya, laifin wa? Kawo Mama.”

Na faɗa wa Inna duk yadda aka yi, ban rage komai ba. Ta ce, “Rijiyar ta tashi ta koma yamma?” Na ce a'a. Ta ce, “Tsamiyar fa?” Na ce tana nan. Ta ce, “To mu tahi.” Muka aika da masu jakai su faɗi ranar zuwanmu.

Da safe muka je tasha. Ni da wasu mutum biyu muka ɗaga ta muka ɗora kan buhunan wasiƙu, na tokare mata baya da lefenta. Ta ƙanƙame ƙarfen motar tana ta salati tun ba a tayar ba. Ana shirin tashi sai ga wasu sun mirgino duro cike da ruwa an ɗora a baya. Bayansu ga sufeto.

Sufeto sabon muƙami ne da allon ya haifa, don dole a sami mai duba ko direba yana bin ɗigo. Wanda aka ba kuwa ɗan unguwarmu ne. Ranar da aka haife shi Inna ce ta kwana tana hura wa uwarsa wutar ruwan wanka. Yanzu an ba shi kaki da hula mai baki da ƙaramin kwafin allo a naɗe cikin gwangwani, yana tafe kamar shi ya ƙera motar. Ya ga Inna, ya ɗaga mata haɓa, wai gaisuwa ke nan. Ya shige gaba kusa da direba. Direba ya leƙo ya dube ni, na dube shi.

Ba zan ba da labarin hanya ba, don ban gan ta ba, idona yana kan Inna. Da farko a rufe idonta yake. Da muka yi nisa ta buɗe, ta fara gane wurare. Ta nuna mini wata fadama ta ce nan suke zuwa cin ɗanyen rake suna yara, ta nuna wani dutse ta faɗi sunansa. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta goge fuska da gefen zane. Sai ga kan tsamiya ya bayyana.

Mota ta rage gudu. Ta tagar da ke tsakaninmu da gaba na ji direba yana cewa inji ya yi zafi. Sufeto ya ce akwai duro, a kai ɗigo na gaba a ɗura. Direba ya ce ba zai kai ba. Sufeto ya ce to ya tsaya, shi kuma ya rubuta. Na shiga dukan rufin motar da tafin hannu ina kiran sufeto da sunan da uwarsa ke kiransa. Ya zuro kai ta taga, ya warware kwafinsa iska tana kaɗa shi, ya ce da ƙarfi, “Babu garin nan ga hanyag ga!”

Yana faɗin haka garin yana gabansa. Ga rijiya, ga tsamiya, ga mutane sun fito da yawa har da mai unguwa. A gindin tsamiyar an shimfiɗa tabarma, mata biyu sun tallafo wata 'yar tsohuwa sun zaunar da ita, an sa mata zanen fita. Direba yana da 'ya'ya, ban ce ya kashe kansa don mu ba. Ya ja motar a hankali iyakar yadda zai iya, amma bai tsaya ba. Inna ta ɗaga hannu ɗaya. Na ga mutanen sun fara matsowa da murna, sannan na ga sun tsaya cak. Na fizgi lefen na jefa musu, ya faɗi ya fashe, goro ya watse a hanya.

A gari na gaba, mai ɗigo kamar faifai, muka sauka. Na so in kama sufeto da kokawa, mutane suka riƙe ni, kuma gara da suka riƙe. Na ce wa Inna zan nemo ƙarti huɗu su ɗauke ta a kan gado mu koma, yashi ne amma za a kai. Ta ce, “Ba a ɗaukata bisa kai da raina. In ta hangi gado tahe da mutum huɗu, mi kaka so zuciyatta ta yi?” Muka sauka a gidan wani abokin cinikin mahaifina, muka jira motar ta juyo daga Gusau. Wani mai jaki da ya ci kasuwa ya kai saƙo ƙauye cewa su sake fitowa.

Da motar ta dawo, sufeton nan ne dai. Na cire hula na durƙusa masa a gaban mutane, ni da na girme shi, na ce ko na shan ruwa ne ya bari. Ya ce doka ba ta san Inna ba, kuma idan ya yi wa ɗaya sai ya yi wa dubu. Kalmomin Bature ne ya haddace, har da yadda yake ɗaga yatsa. Inna ta kira ni daga inda take zaune ta ce, “Tashi. Kak ka sake durƙusa ma yaron ga.” Ta sa aka ɗora ta a gefen da zai fuskanci tsamiya, can bakin ƙarfe, ta ce in riƙe ta ta baya.

Wannan karon sun ɗauko ƙanwar daga gindin bishiya sun kawo ta bakin hanya sosai, har na ji tsoron taya. Ta yafa baƙin zanen. Direba ya sauke gudu tun daga nesa, injin yana ta gurnani kamar zai fashe. Muka zo daidai da ita, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu biyu ba. Inna ta leƙa har sai da na ƙanƙame ta. Ƙanwar ta ɗaga fuska, bakinta a karkace, ta yi magana, magana mai tsawo, tana yi tana bin motar da kai. Inna ma tana faɗin nata. Sai ƙura ta shiga tsakaninsu. Wannan ne ganinsu na ƙarshe, ƙanwar ba ta kai damina ba.

Muka iso Sakkwato. Aka sauke Inna a tasha, a ƙarƙashin allon, wani maƙwabci ya taimake ni muka kai ta gida. Matata ta kawo ruwa, ta sha kaɗan. Na zaunar da ita a kan tabarmarta, na juya zan fita, sai ta riƙe bakin rigata.

Ta ce, “Kai wanga, kunnenka ya hi nawa. Mi tac ce?”

Na tsaya. Na so in ƙirƙiro mata wani abu, gaisuwa ko addu'a, amma ta kafe ni da ido, kuma ta san muryata idan ina ƙarya tun ina ɗan yaye.

Na ce, “Ban ji ba, Inna.”

Ta saki rigar. Ta ce in turo mata ƙofa idan na fita.